RA'AYINMU: Cikin Ado Da Cikin Aiki

Tun da aka dawo daga hutu, duk wanda ya bi ta bayan ɗakunan kwanan samari da asuba ko da la'asar sakaliya zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan magana. Ga samari nan kwance reras a kan tabarmi da kwalaye, hannuwa a ƙeya, suna tashi suna komawa kamar zugazugin maƙeri, wannan yana ƙirga ɗari, wancan yana neman ɗari biyu. In an gama sai a miƙe a yaye riga a nufi madubi, ko gilashin taga ga wanda ba shi da madubi, a shiga lissafi: biyu sun fito, huɗu sun fito, saura biyu. Abin da ake nema shi ne cikin nan mai gida shida wanda samari ke kira sikis-fak, wanda 'yan ƙwallo da 'yan fim suka mayar abin yayi ta hanyar hotunan da ke yawo a wayoyinmu. Wani daga cikinmu ya ce abin ya fi kama da kunyoyin gona, ya kuma lura cewa kunya shida ake saye da rashin kunya ɗaya, tunda ba a nuna ta sai an tuɓe riga a bainar jama'a. Wannan ɓangare mun bar wa malamai.

Mu ba mu ƙi motsa jiki ba, kuma saurayin da ya tashi da asuba ya yi gumi ya fi wanda ya kwana yana duba waya. Tambayarmu ita ce, shin abin da ake wahala dominsa ƙarfi ne, ko kuwa hoton ƙarfi? Ba a ɗakin karatu muka samo tambayar ba, a bakin Kwara muka samo ta.

A hutun da ya wuce uku daga cikinmu sun bi ɗayanmu zuwa gida, ƙasar Bagudo. Suka haye gadar Tuga, suka bi ta Illo har Lolo, inda Nijeriya ta ƙare, Madekali ta Jamhuriyar Benin ta soma. Tare da su akwai wani abokinmu ɗan birni wanda duk ɗakin kwananmu ba wanda ya kai shi kyawun gidajen ciki, har ƙananan ɗalibai kan zo neman sirri wurinsa. A bakin ruwa suka tarar ana sauke shanshera daga kwalekwale. Cikin 'yan dakon akwai wani dattijo da zai haura shekara 45, ba dogo ba, cikinsa sumul ba ko layi ɗaya, har da ɗan tudu a gaba, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani. Shi ne ke durƙusawa a ɗora masa buhu a dokin wuya, ya miƙe ba tare da ko nishi ba, ya taka taɓo ya hau gangaren nan mai santsi, ya dire, ya dawo. Abokinmu ya ga abin kamar wasa, ya ce, "Baba, ba ni ɗaya in gwada." Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce cikin Hausarsa ta Kabi, "Ɗan boko, bar shi. Ba da hannu aka ɗaukar buhu ba, da ƙugu na." Bai ji ba. Ya sunkuya ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, ya rungumi buhu ya fizga. Buhun ya ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, sa'an nan wani abu ya tsinke masa a kwankwaso. A kwance aka dawo da shi cikin mota, mako uku yana salla a zaune, jarrabawar gwaji biyu ta wuce shi. Gidajen nan shida kuwa suna nan daram, ba wanda ya ɓace.

Da muka dawo muka tasa 'yan'uwanmu masu karatun likita a gaba, muka ce su fayyace mana. Abin da suka nuna mana a zanen jikin mutum ya isa ya kashe wa masu ƙirga gidaje gwiwa. Tsokar da ake yayi doguwa ce, falle biyu, ta taso daga ƙasan ƙirji ta sauka har ƙashin mara, da farin zare a tsakiya ya raba dama da hagu. Jijiyoyi ne, galibi guda uku, suka gitta ta, su ne suka yanka ta gida-gida. Yawan waɗannan jijiyoyi da tsarinsu halitta ce, da su ake haihuwar mutum: wani gida huɗu zai gani, wani takwas, wani nasa a karkace, kuma ba atisayen da zai ƙara masa ko ɗaya. Abu na biyu, kowa yana da ita. Dattijon Lolo yana da ita, babban sakataren da teɓarsa ke riga shi shiga ofis yana da ita. Abin da ke sa a gan ta ko kada a gan ta shi ne kaurin kitsen da ke tsakaninta da fata. A jikin namiji ba ta cika bayyana sosai ba sai kitse ya sauka zuwa wajen kashi 10 ko 12 cikin 100 na nauyinsa. Watau dai ciki mai gida shida shaidar rama ce kafin ta zama shaidar ƙarfi.

Har ila yau, tashi-kwantan nan da ake yi ɗari-ɗari ba ya narkar da kitsen ciki. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 24, aka raba su biyu, kashi ɗaya suna atisayen ciki kwana 5 a mako har mako 6. Da aka auna, tsokarsu ta ƙara juriya, amma kitsen cikinsu bai ragu ba. Jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da ake motsawa, daga ko'ina yake ɗebowa gwargwadon tsarinsa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

To ina ƙarfin yake? Masana suna kwatanta tsakiyar jiki da ganga. Murfinta na sama shi ne tantanin numfashi da ke ƙarƙashin huhu, gindinta tsokokin ƙasan ƙugu, bangonta kuwa tsokoki ne hawa uku a kwiɓi, biyu sun saɓa wa juna a karkace, ta can ciki kuma ta zagaye mutum kamar ɗamara. A baya akwai ƙananan tsokoki da ke ɗaure kowace gaɓa ta ƙashin baya da 'yar'uwarta, da manya da suka bi gadon baya tun daga ƙugu. Mai gida shidan nan falle ɗaya ce kurum a gaban gangar, kuma ita kaɗai ido ke gani. Babban aikin wannan taro ba lanƙwasa jiki ba ne, hana shi lanƙwasa ne a lokacin da nauyi ke son karya shi. An gwada ƙashin kwankwason mutum shi kaɗai, an cire masa tsokoki, aka ga nauyin da bai kai kilo 10 ba ya isa ya lanƙwasa shi. Tamkar dogon ƙarfen eriya ne wanda wayoyi ke riƙe da shi ta kowace kusurwa: in ka ɗaure waya ɗaya tamau ka bar sauran sako-sako, iskar farkon damina ta ishe shi. Lokacin da dattijon nan ya ja numfashi ya riƙe kafin a ɗora masa buhu, gangar yake cikawa da iska ta yi tauri ta tallafi ƙashin baya daga ciki. Rawanin da ya ɗaure a ƙugu ma ba ado ba ne, abin da ciki zai tokara ne, irin aikin da bel ɗin fata ke yi wa masu ɗaga ƙarfe a gasar duniya.

Kuma ba yawan tsoka kaɗai ba ne, har da sanin lokaci. A 1996 wasu masana biyu na Jami'ar Queensland a Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, suka nuna cewa a jikin mai lafiya tsokar ɗamarar nan takan ɗaure tun kafin hannu ya motsa, amma a jikin masu ciwon baya takan makara. Binciken da ya biyo baya bai nuna cewa horar da ita ita kaɗai ya fi sauran motsa jiki magani ba, don haka kada wani ya mayar da ita sabon abin yayi. Darasin dai shi ne jiki yana aiki ne a tare, kuma wannan haɗin kai ba a koyonsa a kwance. Dubi ɗan fito a kan Kwara, tsaye a ƙarshen kwalekwalen da faɗinsa bai wuce zira'i biyu ba, yana kafa gora a ƙasan ruwa yana turawa, igiyar ruwa tana janye jirgin gefe. Ƙarfin daga tafin ƙafa yake tasowa, ya ratsa ƙugu, ya fita ta kafaɗa, in tsakiyar ta yi laushi ko kaɗan sai mutum ya tsinci kansa a ruwa. Dubi mai noman shinkafa a fadama riƙe da garma tun hantsi. Dubi uwayenmu a bakin turmi, ko a hanyar kasuwar Tsamiya da kaya a kan gammo, goyo a baya, wuya a miƙe kamar an auna da magwaji. A 1986 wasu masana suka auna matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka ba da labarin cewa suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu ba tare da numfashinsu ya ƙaru ba, wasu kuma suna iya ɗaukar har kashi 70. An yi ta gardama a kan wannan sakamako daga baya, amma wanda ya taɓa karɓar tulu daga kan ƙanwarsa ya ji yadda wuyansa ya yi bai bukatar a yi masa dogon bayani.

Harshenmu ma shaida ne. Bahaushe ya ajiye ƙarfi a gwiwa, a damtse, a ƙashi, a ƙugu. Ana zage damtse, ana ɗaura ɗamara, ana samun ƙarfin gwiwa, ana kiran mutum ƙashin bayan gidansu. Ba mu taɓa jin an yi wa ɗan dambe ko ɗan kokawa kirari da layukan cikinsa ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, da aka fara a Tawa, kuma Issaka Issaka na jihar Dosso, wadda ke iyaka da Kabi, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Duk mai kallon wannan gasa ya san cewa 'yan kokawar da za ka ƙirga wa gidaje ƙalilan ne, akasarinsu tsakiyarsu a cike take kamar turmi, kuma da ita suke ɗaga ƙato su nana da ƙasa. Al'adar tsayawa a nuna tsoka don kallo kurum baƙuwa ce, kuma ba ta daɗe ba ko a can inda ta fito: a 1901 ne Eugen Sandow ya shirya babbar gasar farko ta wannan iri a Landan, ana auna maza da gumakan Girkawa na dutse. Gunki kuwa ba a taɓa aikensa ɗaukar buhu ba.

Sai dai a nan wajibi ne mu ja linzami, domin akwai wata ƙarya mai daɗi da mu 'yan boko muke son yi, watau mu tsaya a inuwa muna yabon ƙarfin talaka. Aikin dako ba motsa jiki ba ne, cin jiki ne. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara cewa kada kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Buhun da ake ɗora wa mutanenmu a bakin ruwa da kasuwannin kan iyaka shi ne wanda ake kira mai kilo 100, kuma ba sau ɗaya ba, sau gommai a yini. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ciniki tsakanin mutanen da kakanninsu ɗaya, harshensu ɗaya, bai tsaya ba, sauka ya yi daga kan manyan motoci ya koma kan babura da kwalekwale da wuyan samari, ta hanyoyin daji da dare. Wanda ya zauna a Ka'oje ko Illo ya san dattawan da suka yi wannan aiki a ƙuruciya: wani ya ranƙwafa, wani yana jan ƙafa, wani gwaiwa ta sauko masa ba kuɗin aiki. Ya kuma san abin da samarin yanzu ke haɗiya da safe don kada su ji ciwon. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba. Ciwo ɗan aike ne, jiki ne ke cewa a sauke. Wanda ya toshe bakin ɗan aiken bai hana ƙashi lalacewa ba. Saboda haka dattijon Lolo ya fi abokinmu ƙarfi da dabara nesa ba kusa ba, amma ba mu da tabbacin zai fi shi lafiyar baya nan da shekara goma, kuma wannan abin kunya ne a kanmu, ba abin alfahari ba.

Ciwon baya ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Mai dako yana samunsa ta yawan nauyi, mai ofis ta yawan zama, ɗalibi kuma yana sayensa da kansa. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙashin baya, ya auna cewa tashi-kwanta irin wanda samarinmu ke yi yana matse ƙashin kwankwaso da nauyin da ya haura kilo 300 a kowane tashi, ga kuma lanƙwasa faifan da ke tsakanin gaɓoɓi sau ɗaruruwa. Sojan ƙasa na Amurka, waɗanda tun 1980 suke gwada mutanensu da shi, sun cire shi daga jarrabawarsu, kuma tun 2022 abin da suke aunawa shi ne tsawon lokacin da soja zai iya kifa ciki ya tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako. Masu abin sun saki, mu da muka ara muna riƙe da shi gam.

Kada yayyenmu da suka kama aikin gwamnati su karanta wannan su shafa teɓa su ce mujallar ɗalibai ta wanke su. Ba ta wanke ku ba. Mun san yadda abin yake: shekara biyu da fara karɓar albashi, an sayi babur ko mota, an bar tafiya ƙasa, ga lemon kwalba a kan tebur, ga tsire da dare, sai riga ta fara ɗagewa a gaba, 'yan'uwa a ƙauye su ce hutu ya zauna. Kitsen da ke turo ciki gaba irin wannan ba wanda ke ƙarƙashin fata ba ne kaɗai, akwai wanda ke naɗe hanji da hanta, kuma shi ne ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Gwajinsa ba ya bukatar asibiti. Ka sami igiya ka auna tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saman cibiya. In ta haɗu, madalla. In ba ta haɗu ba, akwai magana. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta karɓi wannan ma'auni a 2022: kada zagayen ciki ya kai rabin tsawo. Mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Tsakanin teɓa da gida shida akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa lafiya take.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne farashin da wasu ke biya don su tsallake wannan fili. Mun san ɗaliban da dama can sau biyu suke ci a yini saboda halin da aljihu ke ciki, suka mayar da shi sau ɗaya da gangan, suna shiga lacca ido na juyawa. Mun san masu tara kuɗin littafi su sayi garin gwangwani da ba su san abin da ke cikinsa ba, kuma mun fara jin raɗe-raɗin allurai. Masu sha'awar allura su nemi labarin Andreas Münzer, ɗan Ostiriya, wanda a zamaninsa ba wanda ya kai shi fitar da layukan tsoka, ya mutu a 1996 yana da shekara 31, hanta da ƙoda sun lalace. 'Yan'uwanmu mata ma ba su tsira ba, nasu ya zo ta bel ɗin matse ciki da shayin rage ƙiba, wanda sau da yawa maganin sa gudawa ne aka canza wa kwali. Jikin mace an gina shi da kitse fiye da na namiji, in ya sauka ƙwarai al'adar wata takan ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Bel kuwa ba ya gina tsoka, hana numfashi sauka yake yi. Wadda za ta ɗauki ciki wata tara ta haihu, abin da za ta bukata shi ne ƙarfin gangar nan, musamman gindinta, ba ƙugun zanzaro ba.

Muna kira ga daraktan wasanni na ƙungiyarmu da ya duba wannan al'amari tun kafin a sake kwaso wani a kwance. A nemi ɗaya daga malaman sashen likita ko na motsa jiki ya zo bayan ɗakunan kwana da asuba, inda abin ke faruwa, ya nuna wa samari yadda ake tokare jiki a kife da kuma ta gefe, da yadda ake ɗaga nauyi daga ƙasa: a matso da shi jiki, a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, baya a miƙe, a tashi da ƙafafu, kuma a fara da kaɗan. A dawo da kokawa da langa cikin makon wasanni, domin mai tsalle da ƙafa ɗaya yana ture abokin karawa ya fi mai tashi-kwanta ɗari biyu horar da tsakiyarsa. Waɗanda kuma za su fita daga nan su zama jami'an ƙananan hukumomi, ko na kwastan, ko na aikin gona a wurare irin su Bagudo, su tuna cewa buhu mai kilo 50, da baro, da ɗan dakalin siminti a bakin ruwa inda jirgi zai tsaya, ba su fi ƙarfin kasafin kuɗin kowace ƙaramar hukuma ba.

A namu ɓangaren, wannan mujalla za ta sa kyauta a makon wasanni mai zuwa. Jarka biyu masu lita 20, cike da ruwa, ɗaya a kowane hannu, daga famfon bakin masallaci zuwa hawa na uku na ɗakin kwanan samari, ba direwa, ba gudu, riga a jiki. Mata za su yi nasu da jarka mai lita 10 a ɗakin kwanansu. Abokinmu na Lolo, wanda yanzu ya fara ruku'u ba tare da ya dafa bango ba, ya roƙa a ba shi aikin riƙe agogo, kuma mun ba shi. Masu son shiga su ba da sunayensu a ofishin ƙungiya kafin ranar Alhamis.